Daren Alhamis a Tampere

Shekara goma sha ɗaya teburin ɗakin girkina
yana rikiɗa daji duk daren Alhamis.
In ture kwanon sukari gefe, in shimfiɗa taswira,
wadda tabon gahawar Sirkka ya zame mata tafki
har muka raɗa masa suna.
A waje dusar ƙanƙara ta binne Pispala,
rana ta faɗi tun ƙarfe uku.
A ciki mu biyar ne, da guntayen fensir,
da ɗan lido mai fuska ashirin,
in ya ga dama ya kashe sarki,
in ya ga dama ya gangara ƙarƙashin firji.

Tuure ne ya fara janye jiki.
Bai yi faɗa da kowa ba.
Cewa ya yi ƙarfe takwas suna da yaƙi a intanet,
su arba'in, wani a Busan, wani a Recife,
bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba,
amma shi ne mai maganinsu, in ya makara duk sun mutu.
Na ce, mu fa?
Ya ce, ku ai kuna jira.

Na je gidansa sau ɗaya na gane wa idona.
Ba zan yi ƙarya ba, dodonsu ya isa dodo,
wuta na fita ta hancinsa har sai ka kauce.
Nawa murya ce kawai da nake shaƙewa
har tari ya tona mini asiri.
Can ba a jiran Veikko ya tashi daga aikin dare,
ba a neman mai riƙe wa Sirkka yaro.
Ka danna, duniya ta buɗe.

Jarumin Tuure, maharbi mai ido ɗaya,
na kwantar da shi a masaukin baƙi na Garin Gishiri.
Ban kashe shi ba.
Shekara shida yana barci a bene,
duk wata ina cire masa kuɗin haya a takardarsa.

Muka koma huɗu, muka koma uku.
Wata Alhamis ni da Veikko kaɗai
muka ci baƙin burodi, muka yi hirar ciwon baya.

Sai bara ya zo da 'yar ƙanwarsa, Vilja,
shekararta sha shida, a gaban kwamfuta ta girma.
Ta fi ni sanin sunayen makamai.
Ta ce, in an mutu, daga ina ake sake farawa?
Na ce nan ba a sakewa.
Ta gyara zama.

Suka iso bakin kogo, na shaƙe murya, dodo ya fito.
Veikko ya zare gatari, ya kai hannu ga ɗan lido.
Ta ce, dakata. Zan iya tambayarsa sunansa?
A can, in ji ta, sara ne ko gudu.
Na duba takarduna, shafi tara, babu suna.
Idona ya faɗa kan kwalin madara,
na ari rabin kalma daga jikinsa na ba shi.
Har ƙarfe ɗayan dare tana hira da dodo
kan abin da ke hana shi barci.

Yanzu da ƙawayenta biyu take zuwa,
waɗanda suka haɗu a wancan yaƙin na cikin gilashi.
Ɗaya a kan akwatin dankali take zama,
don kujera guda na hana a taɓa.

Jiya Vilja ta ce, wai wane ne mai barci a bene?
Na ba ta labari.
Ta yi dariya har ta ture kofi,
tafki na biyu ya fito a taswira.
Ta ce, Kawu Aulis, ai irinsu Alhamis ce ranar yaƙinsu.
Ka taɓa gwada Lahadi?

Shekara shida.
Ban taɓa ba.