Tsakuwar da Ta Biyo Ni Gida

Sun ce in sha ruwa gora biyu, kada in zaga.
Ni da na tsufa a cikin Binuwai,
yau kogi ne a cikina,
ina zaune bisa bencin asibitin Garwa,
ƙafa kan ƙafa kamar baƙon surukai.

Kusa da ni wani dattijo daga Pitowa
yana jan carbi da sauri fiye da ƙima.
Ba mu tambayi juna ba. Mun sani.

"Tanimu Ɗan'azumi!"

Ɗaki mai duhu, sanyi kamar cikin randa.
Yarinyar, Hajjo sunanta, sa'ar autata,
ta ce in ɗaga riga.
Ta shafa mini wani abu mai yauƙin kuɓewa,
ta ɗora kan na'ura a kwiɓina
tana tuƙawa sannu,
yadda nake laluben gindin kogi da tafin ƙafa
in ji inda yashi ya kwanta.

Allon ya cika da toka-toka.
Na san wannan launi:
ruwan Agusta ne, in ka buɗe ido a ƙasa.

"Ja numfashi, Baba. Riƙe."
Riƙe numfashi ai sana'ata ce, 'yar nan.
Shekara talatin ina nutso da bokiti,
gidaje nawa a Rumde Ajiya ke tsaye kan yashina.

"Ga ƙodar dama." Ƙwayar wake, kwance lafiya.
"Ga mafitsara." Baƙin tafki, cike fal,
wannan ko ba a faɗa mini ba.
Sai ta hagu.
Hannunta ya tsaya.
Ɗigo fari, da doguwar inuwa a bayansa
kamar mutum tsaye a gaɓa da la'asar.

"Tsakuwa ce. Milimita takwas."

Na yi dariya har hoton ya girgiza.
Tifa nawa na cika, kwalekwale nawa,
ashe ɗaya ta ƙi sayuwa, ta biyo ni gida.
Ita ke durƙusar da ni kafin asalatu
ina cizon matashi,
har Tasalla ta rantse jifa ne,
ta sayar da akuya, ta kai wa mai magani.

"Ba jifa ba ne," in ji Hajjo, tana goge hannu.
"Kana shan ruwa kuwa?"
Na yi shiru.
Mai yini cikin kogi, wa zai tuna masa ƙishirwa?

Ta miƙo takarda, hoton a maƙale,
tsakuwata tsakanin alamu biyu
kamar filin da aka auna za a sayar.
"Gobe ka kai wa likita.
Bayi kuma, ƙofa ta biyu, hannun hagu."

Ban tsaya godiya ba.