Sikeli Mai Faranti Biyu

Na shiga ɗakin karatu da fushina a aljihu,
kaye ɗaya, bik ɗaya, da hukuncin da na riga na yanke.
Mushe ya ce ran Alhamis akwai muhawara:
manomi da makiyayi, wa ke cin haƙƙin wani?
Ni da bara shanun Juli suka kwana a geronmu,
can bayan Mirya, dare ɗaya tak,
da safe Baba ya tsaya tsakiyar karmami
bai ce uffan ba, hularsa kawai yake murzawa.
Ni za a koya wa amsa?

Inna Falmata ke riƙe da makullan wurin,
tabaronta ɗaure da zare ta kunne guda.
Na ce, "A ba ni duk abin da aka rubuta kan ɓarnar dabbobi."
Ta dire mini uku a dama.
Ta koma, ta dawo da wani tarin, ta dire a hagu.
"Waɗannan ban tambaya ba."
"Na sani," in ji ta. "Amma ko a Kasuwar Dole
ba a awo da sikeli mai faranti ɗaya."

Na dama sun yi mini daɗi kamar sosa ƙaiƙayi.
Dammunan da aka tattake, ga lissafinsu.
Garken da ke sauka tun ba a saki gonaki ba.
Diyyar da ake yankewa ta narke a hanya.
Na kwafa har yatsana ya yi kanta.

Sai wuta ta ɗauke, fanka ta yi shiru.
Duwatsun Birni suna amayo zafin da suka sha,
wani ɗan garuwa na wucewa da ƙarar kurarsa.
Don rashin abin yi na buɗe na hagu.

Wata mata ce a ciki, an rubuta maganarta yadda ta faɗa.
Tana ƙirga rijiyoyin da aka kewaye da ƙaya.
Ta ce hanyar da kakanta ya bi da idonsa rufe,
ta zo ta tarar da gyaɗa ta yi fure a kai.
"Saniya ba ta da fiffike," in ji ta. "Ta ina za mu bi?"

A ƙarshen littafin akwai taswira naɗe,
gara ta ɗanɗani gefenta.
Na gane ƙauyenmu ta tafki da kukar nan biyu.
Layi biyu na ɗige-ɗige sun gangaro daga arewa,
na bi su da farce, na bi su,
har farcen ya tsaya
inda nake duƙawa da hauya kowace damina.

Burtali.

Inna Falmata tana liƙe bayan wani littafi da ƙaro.
Na ce, "To wanne ne maƙaryacin?"
Ba ta ɗago ba. "Dubi shekarar bugu.
Dubi wa aka tambaya, wa aka tsallake."

Na duba. Taswirar ta girmi Baba.
Sa'annan gidajenmu ba su kai arba'in ba,
yau bakunan sun fi ƙarfin tsohuwar gona.
Ba haɗama ta tura kakana cikin hanyar shanu ba.
Juli ma dai da dare ya shigo, hatsi na tsaye,
wannan babu takardar da ta goge shi.

Ran Alhamis na yi ta "amma" da "sai dai",
wanda ya fi ni murya ya sha tafi.
Bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni Asabar ce.
Zan shiga motar Mirya da taswirar zane a kayena,
ban san ko in nuna wa Baba kafin fura ko bayanta ba.
Nonon da za a dama ta da shi kuwa,
tun ina goye, daga ƙwaryar matar Juli ake auno mana.