Gobe-Sawakin

A Gadarif, bayan tashar manyan motoci,
inda buhunan riɗi ke kwana a tsaye,
Iya Tabawa na da murhu, da kwalaben kayan ƙamshi tara,
da bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce.
Nan na fara jin Hausar da ta sha wata rana,
ta dahu a tukunyar da ba tamu ba.

"Ya zol, zauna," in ji ta.
Na waiga ina neman Zol.
Yaran gareji suka tuntsire da dariya:
ashe ni ne. Kowa ma shi ne.
Mutum kawai ake nufi, Larabcin ƙasar,
sai dai a bakinta ya yi laushi
kamar gurasar da aka tsoma a romo.

Na tambayi bakanike yaushe motarmu za ta tashi.
Ya goge hannu a gaban riga, ya ce, "Gobe-Sawakin."
Na shiga lissafin hanya da guziri.
Iya ta ce, "Ajiye yatsunka, ɗan nan.
Kakanninmu da ƙafa suka fito, Makka suka nufa.
Kullum in an yi sallar isha'i
sai tsoho ya ce, gobe sai Sawakin,
gobe sai bakin teku.
Goben ta yi gona, ta yi rumbu,
ta haifi 'ya'ya, ga jikokinta can suna gyaran taya.
A unguwar nan haka muke kiran alkawarin
da ba ƙarya ba ne,
amma kada ka ɗaure kayanka."

Wanda ya zo kwana biyu ya shekara,
sai a ce ya sha ruwan Barau.
Iya ta ce Barau matafiyi ne, ya ratse wata rijiya,
wadda ta miƙa masa guga ta ɗago ido,
shi ke nan, ayari ya wuce.
Malam Shekarau daga ƙarshen benci ya buga sanda:
"Ƙarya! Barau ɗan garuwa ne mai jaki,
bashi yake bayarwa,
wa zai bar gari da bashin ruwa a wuya?"
Shekara talatin suna wannan musu.
Ranar da ya sha kaye
takan ƙara masa cokalin sukari ba ta ce komai ba.

In asiri ya tonu, a ce magana ta yi riɗi.
Wannan ba sai an fassara wa manomi ba:
ka makara da lauje mako guda,
kwanso ya buɗe baki a gona,
je ka tsince shi ɗaya-ɗaya in ka isa.

Akwai wata kuma, kurbale.
Uwar Iya ke faɗinta
in hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ƙamshi,
ya wuce bai zubar da ko ɗigo ba.
Wani ya ce a Wadai aka tsince ta.
Wani ya ce sunan saniya ce da ta mutu a hanya.
Iya ta ɗaga kafaɗa, tana fifita garwashi:
"Wanda ya sani yana maƙabartar bayan dutse.
Mu dai mun gaji kalmar, ba mu gaji labarin ba."

Ta ce in ba ta sabuwa daga gida.
Na laluba aljihun bakina,
duk abin da na ciro da ƙanshin Turanci.
Ita kuwa kuɗin shayi ta ce zambar biyu,
kalmar da rabona da ita
tun kakata na da haƙora.

Kwana na huɗu, motar na kan duwatsu ba ƙafa.
Ƙanena ya kira daga Gumel: yaushe za ka taso?
Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.
Ya ce, "Gobe ina?"
Iya ba ta ɗago kai ba.
Ta kamfato ruwa a randa,
ta turo mini kofin da ɗan yatsa.