Ɗaki na Sha Huɗu

Ƙarfe biyun dare a Cedar Rapids,
ƙanƙara ta toshe bakin titi.
Ni kaɗai a gidan tsofaffi, da 'yar tocila,
ina ƙirga numfashin masu barci.

Ɗaki na sha huɗu bai san barci ba.
Tsoho Kubat, tamanin da tara,
Ɗanlami ne sunana, shi Lami yake kirana,
tun ina gyara masa har na bari.
Ya ɗaga yatsa, ya nuna garmaho.

Faifai baƙi, ya girme ni.
Allura ta sauka da ƙaras-ƙaras
kamar ana suyar gyaɗa cikin rairayi,
sai gogen ya shigo a hankali,
baƙon da ya tuɓe takalmi tun daga zaure.

Wanda ya tsara kiɗan, in ji tsoho,
ɗan ƙasar Cek ne, ƙasar kakarsa,
ya kwanta dama tun ba a haifi uban kowa ba.
Sau uku ya faɗa mini sunan,
harshena ya ƙi lanƙwasuwa.

Ni dai na san goge.
A Gumel mahaifina ya hana mu tsayawa inda ake yinsa,
mukan saci ji ta bayan danga.
Can izga da ƙaro, nan izga da ƙaro,
wutsiyar doki ce ke kuka ko'ina.

Amma wannan bai da haƙuri da kukansa.
Yana cikin jan zuciya kamar guga a rijiya mai zurfi
sai ya ɓarke da rawa,
kamar gidan makoki da yaro ya yi abin dariya,
kowa ya dara, sannan ya tuna,
ya sunkuyar da kai.

Tsoho ya yi shekara arba'in yana goge a bukukuwa
kafin sanyin ƙashi ya murɗe masa hannu.
Yanzu yatsun hagunsa ke tafiya bisa bargo,
suna danna tsirkiyar da babu.

Akwai tabo a faifan, kusa da ƙarshe,
daidai inda sautin ya hau ƙololuwa.
Allura kan maƙale, ta yi ta nanatawa.
Sai ya dube ni, in taɓa ta da ɗan yatsa,
gogen ya ƙarasa hawansa.
Rabona kenan a kiɗan.

Ran wata Talata na tarar an naɗe katifa.
'Yarsa ta bar mini faifan a leda,
ni kuwa ba ni da garmaho.

Na nemo kiɗan a waya, tas, babu tabo.
Ina ji a mota, kan hanyar gida da asuba,
kogi a daskare ta hannun dama.
Da an zo wurin nan
hannuna kan saki sitiyari, ya tashi,
gogen kuwa ya wuce abinsa,
bai jira ni ba.