Akwati Biyu a Shafi na Uku

Shafi na ɗaya bai yi mini gardama ba:
Mumuni Isaka, Aboabo, Kumasi,
shekara talatin da ɗaya.
Na biyu makin jarrabawa ne, a jere kamar haƙora.
A na uku biro ya ƙi tafiya.
Akwati biyu, kowanne bai fi ƙwayar masara ba.
Kotu ta taɓa kama ka da laifi?
E ko a'a.
Ba a bar wa "amma" wurin zama ba.

Ina ɗan sha tara Kejetiya ta koya mini sauƙin hannu.
Wayoyi uku sun yi shiru a cikin safa,
ta huɗu ta ɗauki waƙar coci a gaban ɗan sanda.
Mai wayar ba ta zage ni ba,
kallona kawai ta yi, ta gyara goyonta.
Wata sha huɗu, in ji alƙali, idonsa na kan agogo.

A Adum ɗakin ya yi mana kaɗan,
in za a juya sai a juya tare.
Gefen Baba Kwaku ne kaɗai da fili,
tsohon direba, gyambo a ƙwaurin hagu,
wari ya share masa iyaka.
Kada in yi ƙaryar tausayi,
wurin miƙe ƙafa na je nema.
Daga baya ne aka zo ga gishiri,
ruwan ɗumi a gwangwanin madara,
da hannun rigata da na yaga gida uku.
Ranar da ya taka ƙasa ya kama yatsuna,
ya jujjuya su kamar mai taya kaya,
ya ce da Hausarsa ta tasha:
wannan ba na aljihu ba ne.

Kokon Inna ne ya biya makaranta,
ludayi bayan ludayi, tun kafin kiran assalatu,
har hayaƙi ya cinye mata rabin gani.
Shekara uku ina haddace sunayen ƙasusuwa.
A ɗakin yara, in jijiya ta ɓuya,
sista kan ce a nemo Mumuni.
Jaririn bai farka ba, allura ta shiga.
Ta tambaye ni ina na koyi wannan hannu.
Na ce baiwa ce.
Na tafi wanke almakashi.

Ɗan'uwana Fuseini ya ce, sa a'a mana,
gara ta ci fayil ɗin tun tuni,
wa zai tono kabarin waya huɗu?
Na kwana da maganar, tana da daɗi.
Sai dai da wannan biron zan rubuta
ƙarfe nawa na ba mara lafiya magani,
in ya fara da ƙarya a nan,
ban san a gadon wa zai ƙarasa ba.

Na sa E.
Na haɗa da wasiƙa shafi biyu,
da shaidar limami, da ta sista,
wadda ta karanta komai a tsaye, ta daɗe, sannan ta sa hannu.
Motar dare ta kai ni Ankara.
Aka sake dangwala yatsuna goma a tawada,
baƙin bai canza ba, ni ne na san sanyinsa.
Matar da ke kan tebur ta buga hatimi
ba ta ɗago ba:
kwamiti zai zauna, za mu kira ka.

Yau mako bakwai.
Farar rigar na rataye a ƙusa cikin leda,
Inna kan shafa ta in za ta wuce.
Ina taya ta rura wuta, ina wanke ƙore,
wayata na aljihun ƙirji, ƙararta a ƙure.
Waya ce ta tona ni.
Waya nake jira.