Ƙofar da Babu Ɗaki a Bayanta

Valparaíso, watan Yuli, sanyi ya gangaro daga tudu,
ruwa na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Ni kaɗai ce a ofishin ƙungiyar masunta,
ni da shayin da ya huce, da kwamfuta mai tarin tsufa.

Bara muka sake wa shafinmu gini.
Aka kwashe kaya, aka sauya wa ɗakuna suna,
ba wanda ya tuna da masu riƙe da tsohon adireshi.
Yanzu in sun ƙwanƙwasa, lamba ce ke leƙowa,
ɗari huɗu da huɗu:
abin da kake nema ba ya nan.

Don Anselmo ya ce, "Ximena, duba mana,
dillalan Santiago sun ɗauka mun mutu."

Na saki manhaja ta bi lungu-lungu,
ta dawo min da mahaɗai ɗari biyu da sha bakwai,
duk a karye,
kamar matakalar unguwarmu bayan girgizar ƙasa:
ka ɗaga ƙafa, ka taka iska.

Aikin ba wuya, cin rai ne da shi.
Farashin kifi ya koma can, sai in rubuta
ɗari uku da ɗaya: ya tashi, ga sabon gidansa.
Lokutan cikar teku, ɗari uku da ɗaya.
Takardar neman lasisi, haka.
Wani na tura shi gaba, na gaban ya maido shi,
suka yi ta zagaye kamar kare da wutsiyarsa.
Laifina ne, harafi guda na tsallake.

Can wajen ƙarfe biyu na buɗe rajistar baƙi,
inda na'ura ke rubuta duk wanda ya taɓa ƙofa.
Sai ga layi ɗaya yana ta maimaita kansa:
biyar da minti arba'in na asuba,
jiya, shekaranjiya, wata goma sha huɗu ba fashi,
waya guda, shafi guda.

Shafin Golondrina ne,
kwale-kwalen Eleodoro Manquián,
wanda ya fita wata Laraba, teku ba ta maido ba.
Da jirgin ya fita daga lissafi, shafin ya bi shi.

To, ina zan tura mai wannan sallama?
Shafin farko? Shugaba ne can yana murmushi da kambu.
Jerin jirage? Ba sunansa.
Sana'armu na da wata lamba ta irin wannan,
ɗari huɗu da goma: ya tafi, a daina nema.
Na rubuta ta.
Na zauna ina kallonta har idona ya yi yaji.
Na goge.

A aljihun tebur, ƙarƙashin rasidan koma da ƙugiya,
akwai tsohon faifan da muka adana kafin ƙaura.
Da ƙyar ya tashi, yana gurnani.
Ga shi nan: jirgi shuɗi, fenti ya ɓare a hanci,
Eleodoro ya runtse ido don rana,
ya riƙo kifi ta kunne yana nuna wa mai hoto.
An yi kuskure a rubutun sunan mahaifinsa.
Ban gyara ba. Haka mai zuwa ya san shi.

Na gina masa ɗaki, na shimfiɗa hanya
daga tsohuwar ƙofa zuwa sabuwa,
na gwada sau uku, na ja bargo a kan kujera.

Injinan bakin gaɓa ne suka tashe ni.
Biyar da arba'in: ɗari uku da ɗaya,
sannan ɗari biyu, wato an buɗe.
Biyar da arba'in da ɗaya, an sake buɗewa.
Da arba'in da uku, an sake.

Ban san ko uwa ce ba, ko ɗa, ko wanda ke binsa kuɗin mai.
Rajista ba ta rubuta fuska.
Saura mahaɗai sittin da uku.
Na ɗora ruwan shayi.