Bayan Kaɗar Zaitun

Likita a Iraklion ya ɗaga hoton ga fitila:
"Pandelis, guringuntsin ya ƙare,
ƙashi ke gugar ƙashi."
Na ce a bari mu kaɗe zaitun tukuna.
Bara ma haka na ce.

Shekara sittin gwiwar nan tana hawa tudun gonarmu.
Yanzu da asuba kuka take,
kamar ƙyauren da ya manta da mai.

Jiya jikata Evanthia ta ruga bakin teku,
ta waiwayo tana jirana.
Na tsaya, wai ina kallon jirgin ruwa.
Babu jirgi.

Da dare na tambayi matata:
"Ƙarfen da za su saka,
yana jin sanyin hunturu?"
Ba ta tanka ba.
Ta miƙo waya, asibitin na ringi.